Jakar Gudu ta Gwaggo

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu a gidanmu na cikin Birnin Gwari bayan 'yar gajeriyar jinya, aka kai ta makwancinta kafin la'asar. Ban yi niyyar rubuta komai a kanta ba. Abin da kunnena ya ji a zaman makoki ne ya hana ni shiru, don na ga in ban yi magana ba za a ƙera wata mata daban a miƙa wa jikoki a ce ita ce Gwaggo.

Mata sun cika tsakar gida a kan tabarmi, ana ta ya haƙuri, muna ta Alhamdulillahi. Wata ta gyara mayafi ta ce, "Baiwar Allah, ba ruwanta da kowa." Ta kusa da ita ta karɓe, "Wallahi kuwa, ba ka taɓa jin muryarta." Na ɗago na dube su. Gwaggon da in ta kira sunanka daga ƙofar ɗakinta sai mai shayin bakin titi ya waiwayo? Gwaggon da ba wanda ya shigo gidan nan ya fita ba ta gyara masa zama ba? Na haɗiye, na ce ai makoki ne, kowa da abin da yake samu ya faɗa.

Ta ukun ce ta ƙona mini rai. Ta ce, "Kullum tana nan da 'yan ɗinke-ɗinkenta, tana rage zaman banza." Na san matar nan sarai. Na san ranar da ta shigo garin nan daga ƙauyensu, ƙafafu a kumbure, goyo a baya, yaro a hannu, kuma abin da ya riƙe su a daji yana cikin jakar da Gwaggo ta ɗinka mata. Ga ta yau da wata jakar kanti mai ƙyalli a cinya, tana kiran aikin da ya ciyar da 'ya'yanta rage zaman banza. A ƙofar gida kuma ina jiyo mahaifina yana gaya wa maza cewa an gode Allah, Yaya ta ga zaman lafiya da idonta kafin ta tafi. Wannan ma ba gaskiya ba ne, kuma shi ya fi kowa sani.

Abu ɗaya Gwaggo ta bar mini. Ba ta haihu ba, ba ta tara komai ba, sai jakarta ta ratayawa, wadda ke cike kullum a bayan ƙofa. Tun kafin ciwo ya kwantar da ita ta riƙe hannuna ta ce, "Malama," don haka take kirana da tsokana tun da na fara koyarwa, "ranar da aka koma gida, ki kai jakar nan Kazage. Ki juye abin da ke ciki, ki rataye ta wayam a ɗakina. Ta gaji, ita ma ta huta." Na ce to. Wannan alƙawari ne ya sa na yi wa mahaifina tsayayya a karon farko a rayuwata, amma sai na fara faɗin wace ce Gwaggo.

Mu 'yan Kazage ne. Can aka haife ni, can Gwaggo ta yi aure, can mijinta ya rasu ya bar ta a ɗakinta na gidan kakanmu. Tun muna yara take ɗinka jakunkuna da hannu, na zuwa gona da na zuwa kasuwa, masu launi, har da 'yan tuntaye. Da mutanen daji, wato 'yan bindiga, suka fara shigowa ƙauyuka, karon farko kowa ya gudu da ƙullin kaya a ka yadda aka saba. Rassa suka riƙa kaɓe ƙullin. Mace ba ta iya dafe kaya a ka, ga goyo, ga yaro a hannu, kuma ta yi gudu. Gwaggo ta ga maƙwabciyarta ta saki ƙullin don ta riƙe 'yarta, suka zauna cikin daji ba ko gishirin lasa. Da aka dawo, ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ta ɗauko almakashi ta cire tuntayen, ta sake wa jaka tsari.

Wanda bai ga tana aiki ba zai ɗauka jaka jaka ce. Ba ta taɓa sabon yadi, sai tsohon zanin da ya sha wanki, don ta ce ya gama duk janyewar da zai yi. In kika kawo fari ko mai ɗaukar ido sai ta jefo miki abinki ta ce, "Biki za ki?" Tsakanin zanin waje da shafin ciki takan sa yankin buhun taki da ta wanke, don kada ruwan sama ya jiƙa garin kwaki, ta kuma danne shi da ɗinki ko'ina don kada ya yi ƙara in ana tafiya. Zarenta sai ta goga masa kakin zuma. Allurarta kuwa in ta yi gaba sai ta komo baya ta sake bi, ba ta yarda da ɗinkin da aka bi sau ɗaya. Keken ɗinki ba ya burge ta, wai in zare ɗaya ya tsinke sauran sai su bi shi. Da na ce ta sa zif, kallon da ta yi mini har yau ina jinsa.

"In ya cije miki a tsakiyar daji wa za ki kira? Tela?"

Maratayin shi ne abin alfaharinta. Daga bakin zani take yanko shi, inda saƙa ta fi ƙarfi, ta ninka ya kai faɗin tafin hannu. Ta ce a wurin matan Gbagyi ta koya, su da ke ɗaukar kaya a kafaɗa, sun san inda nauyi ke zama bai ci fata ba. Kuma ba ta liƙa shi a bakin jaka kamar yadda teloli ke yi. Guda ɗaya ne, ya zagaya ta ƙarƙashin jakar ya fito ta ɗaya gefen, ta yadda ko an fizga sai dai a ja mutum gaba ɗaya.

Ba ta aunawa da igiya ko da tef. A jikinki take aunawa. In kina da jariri sai ta ce, "Goya shi tukuna," sannan ta ɗora maratayin ya ratsa ƙirji ya sauka a ƙugu inda ba zai danne ƙafar yaro ba. In ta gama sai ta jefa ɗan dutsen niƙa a ciki, ta rataya miki, ta koma ta zauna ta ce, "To, yi gudu in gani." Da gaske take. Matan aure masu jin kunya, da hajiyoyi, duk sun zagaya tsakar gida a guje a gaban Gwaggo. Ni kaina ta sa ni na yi, ranar kuwa uwar mijina ta zo gaisuwa tana zaune a wurin. Na ce, "Gwaggo, don Allah, ga Inna fa." Ta ce, "Su waɗancan in sun zo za su jira Inna ta tashi ne? Gudu!" Na yi gudu, jakar na dukan cinyata, ta kira ni ta rage tsawon, ta ce in sake. Uwar mijina ta yi dariya har da hawaye, ba ta san ita ce ta gaba ba.

Da zama ya gagara muka taso gaba ɗaya muka dawo cikin gari. Mahaifina ya kama sayar da hatsi, Allah ya rufa masa asiri, ya zama mutumin sahun gaba a masallaci. A nan rigimarsu ta fara. Gwaggo ta kafa ƙusoshi a bayan kowace ƙofa, kowa da jakarsa a rataye, mata kuma na ta sallama daga unguwanni da zannuwansu. Wata rana da hantsi ya shigo ya tarar da wata baƙuwa tana zagaya tsakar gidansa a guje. Ya jira ta fita, ya tsaya a ƙofar ɗakin yayarsa.

"Yaya, wannan abu ya isa haka. Mugun fata ne. Kin mayar mini da gida kamar muna zaman jiran masifa. Ina tawakkali?"

Ba ta ko ɗago daga ɗinkinta ba. Shi ne ƙaraminsu, kuma har ya yi furfura ba ta daina kiransa Auta ba.

"Auta, ranar da muka baro gida me ka fito da shi?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Buta," in ji ta. "Ita ma ba ruwa a ciki. Garin da ka jiƙa a bakin rafi, daga tawakkalinka ya fito ko daga jakata?"

Matan gida suka shige ɗakuna da dariyarsu a ciki. Mahaifina ya sha kunu, ya daɗe yana gaishe ta daga nesa. Ita ko a jikinta. Ta ma ɗinka masa tasa da tsohuwar rigarsa mai ruwan ƙasa, ta aika masa cewa ta yafe masa gudun saboda girmansa.

Kirkinta ma da faɗa yake zuwa. Akwai maƙwabciyarmu, Kirista 'yar kudancin Kaduna, matar wani malamin firamare. Aka tare motar da mijinta ke ciki a hanya aka shiga da su daji. Matar nan ta zauna a ɗaki, ba ci ba sha, mu kuma muna ta shiga muna ba ta haƙuri muna fita. Gwaggo ba ta ba ta haƙuri ba. Ta shiga da zani da allura ta dire mata a cinya ta ce idonta ya fara rauni, tana neman mai taya ta. Matar ta yi ɗinki, Gwaggo ta duba ta warware. Ta sake, ta sake warwarewa, tana cewa ko akuya aka ba allura za ta fi haka. Har dai matar ta fusata ta ce, "Mama, ni fa ba baiwarki ba ce!" Gwaggo ta ce, "Madalla, ashe da sauran ranki. Ga tuwo can." Ta ci. Haka suka yi ta yi har Allah ya dawo da mijin. Ita kaɗai ce ta zo ta'aziyya da jakar a kafaɗarta, ɗinkin a karkace, ta durƙusa a gabana tana kuka tana cewa, "Kai, Mama ta iya masifa!" Duk zaman makokin nan, ita ce ta yi wa Gwaggo shaidar gaskiya.

Sai aka ce an yi sulhu da mutanen daji. Hanya ta buɗe, motoci suka fara wucewa, wasu suka fara komawa gonaki. Ba wanda ya kai mu murna. Amma wani abu ya biyo bayan murnar da har yau ban gane masa ba: kowa ya fara jin kunyar cewa ya taɓa gudu. Matan da suka yi layi a ƙofar Gwaggo suka cusa jakunkunan a ƙarƙashin gado. Mahaifina ya bi ƙofofi da guduma ya zare ƙusoshin, ya ce an wuce wannan zamani. Tata kawai ya bari, don ya san abin da zai ji. Gwaggo ta ce to, tun da an wuce, ya kai ta gida ta ga ɗakinta. Nan kuma sai ya ce hanya ba ta da tabbas, a bari ta ƙara kwanciya. Ta sake tambaya da shuka, ya ce sai an yi noman farko. Ta tambaya da masara ta yi goyo, ya ce sai kaka. In maganar jaka ce, lafiya ta samu. In maganar kai tsohuwa garinsu ce, lafiya ba ta samu ba. Da baki biyun nan ya riƙe ta har ta mutu ba ta sake ganin Kazage ba, sannan ya zauna a ƙofar gida yana cewa ta ga zaman lafiya.

Bayan sadakar uku aka fito da kayanta don a raba. Ba su da yawa. Mahaifina ya sa aka tattaro duk jakunkunan gidan, da waɗanda ta ɗinka ta ajiye don ko wani zai buƙata, da wata da ba ta gama ba, aka tara a bayan gida. Ya ce kayan baƙin ciki ne, ba ya son jikokinsa su tashi suna ganinsu. Ina shigowa na ga tata a saman tulin. Na sa hannu na ɗauke.

"Ajiye," in ji shi.

Na durƙusa, don ubana ne. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan wasiyya ce. Ta ce in an koma gida in kai ta Kazage."

"Ba inda za ki. Kin san halin hanyar nan?"

"Baba, in hanya ba ta da kyau, me ya sa za a ƙona su? In kuma tana da kyau, me ya sa ba zan je ba?"

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya dube ni, ya juya ya ce wa matan su ƙyasta ashana. Sauran duk suka ƙone. Buhun takin da ke ciki ya narke, warinsa ya cika gidan har cikin abincin rana. Na tsaya rungume da jaka ɗaya ina kallon aikin shekaru yana zama toka. Na yi kuka, amma na haushi ne.

Mijina bai hana ni ba. Ranar kasuwa na shiga mota, daga inda ta tsaya na hau babur. Ba zan ɓoye ba, da na ga dawa ta yi kai hagu da dama, mutane na cikin gonakinsu, sai da zuciyata ta yi sanyi. Na ce ashe dai an koma, bari in sauke nauyin nan in huta.

Gidan kakanmu ba kowa. Rufin ɗakin Gwaggo ya rufta, ciyawa ta fito a inda gadonta yake, amma bango na tsaye. Na samo dutse na kafa ƙusar da na zo da ita. Na tsuguna na fara kwance bakin jakar ke nan sai na ji sallama. Tsohuwar ƙawarta ce, wadda suka yi 'yanmatanci tare, tana cikin waɗanda suka fara komowa. Ta yi mini gaisuwar rashi, muka yi kuka, na gaya mata abin da ya kawo ni. Sai ta dafe hannuna a kan jakar.

"'Yar nan, wa ya ce miki an koma gida?"

Na ce, "Iya, ba ga ku nan ba? Ga gonaki."

Ta ja ni zuwa gidanta ta tura ƙofar ɗaki. A bayan ƙofar jakunkuna ne a jere, duk ɗinkin Gwaggo, duk a cike. Ta ce garin da ke ciki ma ba tsoho ba ne, suna sauya shi in ya fara wari.

"Muna noma, mun gode Allah," in ji ta. "Amma ba mu tuɓe takalmi nesa da ƙafa. Ku na gari ku ke cewa an gama."

Ta ƙwala kira, wata yarinya ta fito daga madafa da tsohon ciki. Matar jikanta ce, an kawo ta bayan sun dawo. Ta durƙusa ta gaishe ni. Tsohuwar ta nuna ta, ta ce:

"Kowa a gidan nan yana da tasa, ban da ita. Mai ɗinkawa kuma ta tafi. Za ki juye wannan ki rataye wa bango?"

Na yi wa mamaciya alƙawari, na yi faɗa da mahaifina a kansa, na shigo hanyar da ake tsoro, ga ƙusa na kafa. Amma Gwaggo ba cewa ta yi in kai jaka kawai ba. Cewa ta yi ranar da aka koma gida, kuma da ta ga abin da ke bayan ƙofar nan na san abin da za ta ce mini, da kuma irin muryar da za ta faɗe shi.

Na rataya wa yarinyar jakar. Gwaggo doguwa ce, maratayin ya sauko mata har cinya. A aljihun ciki na samu allura da zare, na ninke maratayin a kafaɗa na ɗinke, na bi na komo na sake bi. Ɗinkina bai yi kyau ba. Ban iya ce mata ta yi gudu ba saboda cikin, sai na ce ta taka da sauri zuwa bakin rumbu ta dawo. Jakar ta zauna daidai a ƙugunta.

Da na dawo gari na tarar da mahaifina a zaure, ya kasa zuwa kasuwa tun safe yana jirana. Ya dube ni, ya dubi kafaɗata.

"Kin cika mata wasiyyar?"

Na ce, "A'a, Baba. Jakar tana bakin aiki."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya ba ta masaukin da ba a tashin kowa daga cikinsa. Ina riƙe da alƙawarinta, kuma duk wanda ya sake ce mini an wuce wannan zamani, ya zo in kai shi ya ga bayan ƙofar nan.